Lambar Sarzan Namata a Ramin Salga

Ku samarin da ke zama gindin mangwaron ƙofar gidana, jiya na ji ku. Kuna tsammani barci nake, to kunnena ba ya barci. Ɗayanku ya ce wai yasar salga ba sana'a ba ce, duk mai pel, wato shebur, da bokiti da mataccen hanci zai iya. Kuka yi dariya. Ni ma na yi, a cikin ɗaki. To ga takarda, tunda in na fara da baki guduwa kuke yi kafin in kai rabi.

Ni ba mutumin tafiya ba ne. Da son raina ne, da iyakata Tanda ran kasuwa, in dawo in ci tuwon gidanmu. Abin da ya fitar da ni daga Gaya shi ne Rabi, ƴar Sarzan Namata. An kai gaisuwa, an karɓa, saura kayan aure. Gonarmu kuwa a bakin gulbi take, ruwa ya hau ya cinye shinkafar shekara biyu a jere. Zamanin Nasara ne, saura kaɗan su tafi, ko da yake mu ba mu san za su tafi ba.

Sarzan Namata tsohon sojansu ne. Yana da lamba guda ta ƙarfe mai ƙyalli, rataye da ƙyalle mai ratsi, shi yana kiran ta medayi. Da ita yake zuwa kasuwa, da ita yake zuwa gona, yara ma cewa suke da ita yake kwana. In na je gaishe shi, tun daga nesa zan tuɓe takalma, in durƙusa, in sunkuyar da kai, yadda ake yi wa suruki. Shi kuma sai ya bar ni a durƙushe yana ba ni labarin sanyin ƙasar Nasara har ƙafafuna su mutu. Ku riƙe wannan durƙuson, zai dawo.

Na hau bayan kamiyo, babbar motar goro, na sauka Yamai. A babban gari aiki iri biyu ne: wanda kowa ke so, shi yana da masu shi tun kafin ka iso, da wanda ba mai so, shi yana jiran ka a tasha. Na yi kwana uku ina wanke hanji a mayanka, ungulu suka saba da ni har suna raka ni masauki. Na yi mako guda cikin masu kama karnukan da ba su da gida, sai na gane karnukan birni sun fi ni sanin lunguna. Na ja mushen jaki daga bakin kasuwa zuwa bayan gari, ni da wani Bazabarme da bai daina waƙa ba har muka isa. A bayan garin nan na haɗu da Baba Bawa, yana wanka da sabulun salo kamar mai fushi da fatarsa. Ba'are ne, mutumin Dogonduci, gajere mai faɗin kafaɗa, shi ne shugaban masu yasar salga su shida. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai, siririn nan, daga ina?"

"Daga Gaya, Baba. Sunana Sama'ila, ɗan gidan…"

"Ban tambaye ka suna ba. Kana tsoron rami?"

"Ba na tsoro. A garinmu ma na taɓa shiga rijiyar kawuna, ran da akuyarsa…"

"Ramin ba zai ba ka wuya ba," in ji shi. "Bakinka ne zai ba ka."

Aikina na fari a gidan wani mai sayar da fatu ne. Mun shiga bayan sallar asuba, kafin mata su fito shara. Baba Bawa bai bari na taɓa pel ba sai da ya shafe ni da man kaɗe tun daga wuya har tafin ƙafa, ina ƙyalli kamar soyayyen kifi. Man shi ke hana abin kama fata. Wanda ya shiga ba mai, ko ya yi wanka bakwai, matarsa za ta san inda ya je. Sannan ya cusa mini garin taba a hanci, ya ba ni ɓarin goro in ajiye a kunci, ya naɗe mini fuska da tsohon rawani sai ido kawai. Aka fasa daɓen bakin ramin da diga, a hankali, daga gefe, don wanda ya fasa daga tsakiya shi ne farkon abin da zai faɗa ciki. Aka zuba girezil, wannan baƙin maganin Nasara mai warin asibiti, aka bi da toka, aka jira. Kafin nan mutum biyu sun haƙa sabon rami a gefe, inda za a juye kayan a rufe.

Sai fitila. Wannan ku saurara da kyau, ku masu pel da bokiti. Ana ɗaura aci-balbal a igiya, a zura ta cikin ramin tana ci. In ta kai ƙasa da wutarta, mutum na iya sauka. In ta mutu a hanya, ko uban wa ya ce ka sauka kada ka sauka, iskar ciki za ta kashe ka yadda ta kashe ta. Sai a bar ramin a buɗe, a yi ta kaɗa masa tabarma, a sake gwadawa. Baba Bawa bai taɓa rasa mutum a rami ba, kuma ba laya ce ta yi masa ba, fitilar nan ce.

Igiya biyu ake sauka da su, ɗaya a ƙugu, ɗaya ta bokiti. Ba a magana. Ja ɗaya, a ɗaga bokiti. Ja biyu, a sako shi. Ja uku, a fitar da ni. Ran farko na yi ja uku tun kafin ƙafata ta taɓa komai. Baba Bawa ya leƙo, ya dube ni, ya sako mini bokiti.

Dokokinsa uku ne, kuma duk sun fi ramin wuya. Ta ɗaya, ba a magana a gidan mai aiki, ko sallama ba a yi, ko gaisuwa ba a amsawa. Mai gida ba ya son ya san muryar wanda ya ga cikin salgarsa, don kada gobe ya ji ta a sahun masallaci. Ta biyu, abin da ka tsinta a ƙasa, ka wanke ka ɗora a kan katanga ka wuce, ba ka gani ba. Na tsinci makullai, ludayi, takalmi wari ɗaya ba iyaka, da wani madubi da aka ce maƙwabta ne suka sace shi har aka kai ƙara. Ta uku, ba ka aiki inda mutanen garinku suke. Shi ya sa ba za ka ga ɗan gari cikin masu yasa ba. Na Dogonduci yana yi a Yamai, na Yamai ya tafi Kotonu ya yi.

Masu kiran mu kuwa halinsu ɗaya. Kowa zai ce maka ramin nasa ɗan ƙarami ne, bara aka haƙa, sai ka sauka ka tarar kakansa ma ya yi amfani da shi. Lada a ƙasa ake ajiye mana, ba a miƙa mana hannu da hannu. In ka nemi ruwa, a sakaina za a ba ka, kana juya baya ka ji an jefar da ita bayan katanga. Wata tsohuwa ce kaɗai take ba mu fura, ita ma da doguwar sanda take turo ƙwaryar, tana sa mana albarka daga nesa. Ban ji haushinta ba, furar tana da nono.

Yanzu ga inda na ɓata. Na je wurin mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, na ce ya rubuta wa gida cewa na samu aiki, ina shiga gidajen manya. Wannan gaskiya ce. Shi kuma ya ce wasiƙa ba ta tafiya tsirara haka, sai ya rubuta cewa ina aiki a buron kumandan, wato ofishin Nasaran da ke mulki. Da ya karanta mini sai na ji ta yi daɗi, na ce a bar ta. Da na je gida da salla, na kai wa Rabi turmin zane, ta tambaye ni yaya kumandan yake. To, kun san ni. Wata shida ina riƙe da baki a gidajen mutane, sai ga mai saurare. Na ba ta labarin kumandan yana cin ganye ɗanye kamar akuya. Na ba ta labarin kyanwarsa mai gadon kanta, da yadda yake kira na in ba shi shawara in matarsa ta yi fushi. Tana ta dariya tana cewa, "Sai me ya ce?" Ni kuma ina ƙarawa. Sarzan Namata da ya ji, ranar sai ya ce in tashi daga durƙuso tun ƙafata ɗaya ce kawai ta mutu.

Muguwar shekararmu ita ce shekarar mota. Nasara suka kawo wata mota mai tano, wato tanki, a baya da dogon tiyo kamar hancin giwa. Ta tsaya ƙofar gida, a zura tiyon, ta yi ruri, kafin a dafa shayi ta zuƙe ramin. Yara suna bin ta da gudu. Masu hali duk suka koma mata, don a ga motar a ƙofar gidanka ma abin faɗi ne. Mu kuwa muka zauna a inuwa muna gyaran igiyar da ba ta tsinke ba. Ɗaya ya koma mayanka, biyu suka tafi Kotonu, ɗaya ya ce gara ya koma gida ya yi noma a san shi da talauci. Saura ni da Baba Bawa da wani kurma mai jan igiya. Muka koma gari da ruwa sau ɗaya a rana. Kayan auren da na fara tarawa suka tsaya cik, damina ta kama, an kuma sa bikin bayan girbi.

A cikin wannan hali, wata safiya da hantsi, sai ga Malam Zakari yana waige-waige. Malam Zakari shi ke da masaukin da duk mutumin Gaya ke sauka in ya zo Yamai, ƴan goro, direbobi, masu kifi. Ni kan bi ta wata unguwa don kada in wuce ƙofarsa. Da na hango shi na ja rawani na rufe fuska. Ya ja Baba Bawa gefe, amma na gaya muku kunnena.

"Wani babban baƙona ne ya yar da abu a salga. Yau ake so a fitar, gobe da safe yana da bukatarsa."

"Ku kira mota mana," in ji Baba Bawa. "Ai ita kuke yayi."

"Haba Bawa. Mota za ta haɗiye abin ta tafi da shi. Ga ruri, duk unguwa sai ta fito kallo. Mutumin ba ya son ko matata ta sani."

"Mene ne abin?"

"Ya ce wanda ya gan shi zai gane."

Da ya tafi na ce, "Baba, doka ta uku."

"Na san ta, ni na kafa ta."

"Gidan nan ko kazar da ke ciki ta san ni."

"Bakin ramin ƙarami ne, ni kafaɗata ba ta shiga. Kurma ba ya sauka, shi ke riƙe da ranka. Zakari ya ce zai kora baƙin zuwa kasuwa. Ka rufe fuska, ka rufe baki. Ko kana da wani abin da za mu ci gobe?"

Ba ni da shi. Na shafa man kaɗe.

Ba mu taɓa aiki da rana tsaka ba sai ran nan. Gidan shiru, an kore kowa. Fitila ta sauka da wutarta, na bi ta. Neman abu ya fi yasa wuya, don ba ɗiba kawai za ka yi ba, kowane bokiti sai an juye shi a kan tsohuwar rariyar waya an tona da itace. Na fitar da cokali biyu. Na fitar da tasbaha. Na fitar da wani kwano da har yau ban gane yadda ya bi ta wannan ƙaramin baki ba. Kowanne Baba Bawa ya ɗaga wa Malam Zakari daga nesa, shi kuma ya girgiza kai. Aka yi kiran azahar ina ciki.

Sai yatsan ƙafata ya taka wani abu mai faɗi, da ɗan tsini a baya. Na sunkuya na laluba, na ɗaga shi wajen hasken bakin ramin, na goge da babban yatsa. Wallahi ko a cikin barci aka nuna mini abin nan na san shi. Na yi shekara biyu ina durƙushe a gabansa, shi kaɗai nake hange in na saci kallo. Sai a lokacin na tuna gobe ne defile, ranar da tsofaffin soja ke jeruwa a gaban gwamna kowa da lambarsa a ƙirji, ana kawo su daga garuruwa. Ashe gaskiyar yara ce, Sarzan Namata ba ya cire lambar nan ko'ina. Ya tsuguna, allurar ta kwance.

Na soke ta a ƙugu, na yi ja uku. Da na fito na yi wa Baba Bawa alama an samu. Nufina in wanke, in ɗora a katanga, in bar unguwar kafin mai ita ya leƙo. Saura bokiti ɗaya cike a bakin rami, na ɗauka a ka zan kai sabon ramin, taku goma ne kawai. Na yi biyar.

Sai ga shi ya zagayo ta bayan zana. Ya gaji da jira a ɗaki. Yana sanye da kakinsa na soja, an goge, da takalman da ya yini yana shafa wa mai saboda gobe. Ƙirjin nan ba komai, sai ƴan huji biyu inda allura ke shiga.

Ni ban yanke shawarar komai ba, ku yarda da ni. Kaina ya san doka ta ɗaya sarai. Gwiwoyina ne ba su taɓa jin ta ba. Suka ga suruki, suka yi abin da aka koya musu tun ina yaro. Na zube a gabansa, na sunkuyar da kai yadda ya kamata, bakina kuma ya ce, "Baba, barka da rana."

Mutum ba ya sunkuyar da kai da bokiti a kansa. Wannan ma darasi ne, ku rubuta.

Bai same shi duka ba. Takalman ne, da ƙafar wando zuwa gwiwa. Kurma ya saki igiya ya rufe ido. Malam Zakari ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Baba Bawa ya ɗaga kai yana kallon sama kamar mai duban hadari. Sarzan Namata bai ja da baya ba ko taku ɗaya, soja ne. Ya dubi takalmansa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya dube ni.

"Wannan durƙuson na san shi," in ji shi. "Gwiwar hagu ke fara sauka. Cire tsumman nan."

Na cire.

"Sama'ila."

"Na'am, Baba."

"Yau kumandan ya ba ka hutu ke nan."

Ban ce komai ba. Baba Bawa ya ce daga baya wannan ne karo na farko da ya ga na bi dokarsa ba tare da an harare ni ba.

"An samu?"

Na zaro ta daga ƙugu. Ya rufe ido kaɗan ya buɗe. Na nemi ruwa da toka da lemun tsami, na zauna na wanke ta sau bakwai, ina cuɗa ƙyallen a hankali don kada ya yage. Shi ma ya zauna a kan turmi, ya tuɓe takalman, yana wanke su da kansa. Da na gama na nufi katanga zan ɗora.

"Ina za ka kai ta? Miƙo nan."

"Baba, ba a karɓa daga hannunmu."

"Miƙo, na ce."

Ya karɓa daga hannuna, ya shinshina, ya ɓata fuska, ya maƙala ta a ƙirji. Baba Bawa ya ce shekararsa talatin a sana'ar, bai taɓa ganin an yi haka ba.

"Kana tsammani kullum harbi muke yi a can?" in ji Sarzan. "Duk inda aka yi zango, mu baƙaƙe mu ke haƙa wa rundunar masai, mu ke rufewa. Ƙasar ta daskare, diga na tsalle. Na fi ka sanin wannan aiki, sai dai mu ba a ba mu man kaɗe." Ya nuna ni da takalmi. "Aikin ba zai hana ka Rabi ba. Kumandan ɗin nan naka shi zai hana ka. Kafin a yanke gero ka je ka gaya mata da bakinka. In ta ce ta fasa, ta fasa, ba zan sa baki ba. In kuwa ba ka faɗa ba, ni zan fasa."

"To, Baba."

"Saura ɗaya. Wannan," ya taɓa lambar, "ba ta taɓa faɗuwa ko'ina ba. Ran da na ji labarin nan a Gaya, na san bakin da ya fito."

"Ko a kabari, Baba."

"Kabari ba ya damuna. Bakin kasuwa nake ji."

Washegari na tsaya can baya cikin taro na ga defile. Yana sahun gaba, ƙirji a waje. Na lura na kusa da shi na dama yana ɗan matsawa gefe, amma wataƙila rana ce.

Da gero ya fara ja na hau kamiyo. Tun daga Doso nake shirya magana, muka iso Gaya ban gama ba. Da la'asar na same ta a ƙofar gida tana tsince shinkafa a faifai. Na tsaya nesa kaɗan.

"Rabi, akwai magana. Ni ba na aiki a buron kumandan. Ban taɓa ganin cikinsa ba. Salga nake yashewa."

Ba ta ɗaga kai ba. Ta fitar da tsakuwa ta yar.

"Na sani."

"Baba ne ya gaya miki?"

"Zanen da ka kawo da salla ne ya gaya mini. Sau uku na kai shi gulbi, warin girezil bai fita ba. Gwaggona ta yi aikatau a Yamai, tana shinshinawa ta ce wannan ko mai shara a asibiti, ko mai yasa. Kuma na ga yadda kake wanke hannu kafin cin abinci, har gwiwar hannu, kamar mai alwalar gawa."

"To don me kika bar ni ina ta zuba?"

"Ina jin daɗin labarin kyanwar." Sai yanzu ta ɗago. "Yanzu da ka faɗi gaskiya, shi ke nan kyanwar ta mutu?"

Na ce kyanwar tana nan lafiya, ta ma haihu.

"To a ɗaura. Amma sabulunka daban, bokitinka daban, kuma a gulbi za ka bar aikin kafin ka shigo mini gida."

Aka ɗaura bayan girbi, da abin da ya samu. Motar nan kuwa ba ta kai wata damina ba. Wanda ya ƙera ta bai san abin da mutanenmu ke jefawa a rami ba. Totuwar masara, tsumma, hoge, duk ta haɗiya, tiyon ya toshe, aka buɗe shi a tsakiyar unguwa don a gyara, unguwar ta yi kwana uku ba a dafa abinci ba. Baba Bawa ya aiko in koma, aiki ya dawo har ya yi yawa. Na ce a gaishe shi, ni na ga gida. Na sayi igiyata da fitilata na kama yi a nan, fuska a buɗe, tunda wadda nake ɓoye wa ta riga ta sani. Gaya, Tanda, Bana, ba gidan da ban san bayansa ba. Ina sallama in na shiga, ina kuma hira daga cikin rami, wanda bai so ba ya toshe kunne. Doka ta biyu da ta fitila kawai na riƙe.

Sai maganar lamba. Ku da kuka san ni, ku auna. Labari mafi daɗi da na taɓa samu a duniya, ga shi a bakina, ba halin faɗa. A wurin suna, a wurin biki, in hira ta yi daɗi sai in ji yana taso mini har maƙogwaro, in tashi in ce zan zagaya. Sarzan yana zaune da abarsa a ƙirji, mutane na taɓawa suna sa albarka, ya kalle ni ta wutsiyar ido, ni kuma in cusa goro. Har ya rasu ban faɗa ba. Ya bar wasiyya a ba ni ita, ƴaƴansa maza suna ta mamaki. Na rataye ta a ɗaki, na ci gaba da yin shiru, don alkawari bai mutu da shi ba. Shekara arba'in da wani abu.

Watan jiya jikanmu mai rarrafe ya jawo ta daga ƙusa ya kai baki. Na yunƙura, amma Rabi ta riga ni, da tsufanta. Ta ƙwace, ta wanke wa yaron baki, sannan ta ɗebo toka, ta yanka lemun tsami, ta zauna tana cuɗa lambar. Ina ƙirgawa. Sau bakwai.

"Rabi, me ya sa toka da lemu?"

"Ba da su ka wanke ta ba?"

Na zauna a bakin gado.

"Wa ya gaya miki?"

"Baba mana. Ran da ya sauka daga mota, tun bai cire takalman ba. Har durƙuson ya gwada mana a tsakar gida, da ƙwarya a ka. Inna ta yi dariya sai da ta faɗo daga kujera. Kawunnaina ma duk sun sani, da liman."

"To ni don me ya ɗaure mini baki?"

Ta ɗauraye lambar, ta goge da gefen zane, ta miƙo mini hannu da hannu.

"Cewa ya yi yana so ya gani ko bakin nan naka zai iya riƙe abu guda ɗaya. Kowace salla sai ya tambaye ni, har yanzu bai faɗa ba? In ce har yanzu. Sai ya ce, to a bar shi, kada a gaya masa, yana ƙoƙari."